Kwana Arba'in Ba Atine

Ranar da muka kayar da geron gangare
aka bugo waya daga Kumo:
Rakiya ta sauka, namiji.
Atine ko hannu ba ta wanke ba,
ta ƙulle daddawa a bakin zane,
ta hau bayan babur tana jefo mini magana:
"Barkono na kan rufi, a kwashe kafin raɓa.
Kabewar bayan rumbu ta iri ce, kar a taɓa."

Saura ni da Ilu, da awaki bakwai,
da duwatsun murhu uku
da suka shekara talatin suna ganin wucewata
ba mu taɓa gaisawa ba.

Na san ɗaurin dami.
Na san jera zangarniya har rumbu ya yi tumbi,
na san harawar da za ta kai bazara.
Amma muciya baƙuwata ce.
Daren farko na juye gari a tafasasshen ruwa, ba talge,
tuwo ya fito da gudaji kamar tsakuwar rafi.
Ilu ya tauna, ya tauna, ya ɗago kai:
"Baba, gyaɗa ka sa a ciki?"
Kaji ne kaɗai suka yaba.

Dare na biyu, dafaffiyar gurjiya.
Na uku, dankali a cikin toka.
Na huɗu Goggo Yelwa ta leƙo ta kan danga,
ta tarar ɗanyen kara yana sa ni hawaye,
ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
Ba ta kawo tuwo ba.
Kujera ta jawo, ta zauna, tana nuni da sanda:
"Dama da ruwan sanyi tukuna.
Rufe. Bar shi ya yi magana.
Tukunya ba saura ba ce, Sale,
ba a huɗa ta da ƙarfi."

A hankali na koyi tsamin yakuwa
da ɗan kanwar da ke rarrashinta,
na koyi ƙamshin da gyaɗa ke yi
numfashi ɗaya kafin ta ƙone.
Na ga inda tafin Atine ya cinye jikin muciya,
wani ɗan kwari mai santsi
da hannuna bai shiga ba.
Na ƙirga tafiya daga randa zuwa murhu,
daga murhu zuwa turmi, a dawo,
ashe ta fi nisan gonar gangare
in an tara ta daga asuba zuwa isha.

Ranar kasuwar Pindiga
jar akuya ta tsinke igiya
ta gutsuri gefen kabewar iri.
Na tsaya a kanta kamar mai ta'aziyya.
Ilu ya ce, "Tunda ta ji ciwo, Baba..."
Muka fasa.
Na tsince 'ya'yan ɗaya ɗaya, na wanke,
na shanya a faifai inda kaza ba ta kaiwa.
Sauran ya narke a tukunya
da alayyahu da niƙaƙƙiyar gyaɗa da ƙashin kasuwa,
taushe ya yi kauri, launin yamma.
Har Goggo ta aiko da kwano.

Atine ta dawo dawa ta riga ta shiga rumbu,
kara a tsaye, gonaki sun yi aski.
Ba ta shiga ɗaki ba, bayan rumbu ta nufa.
Ta jima.
Na miƙa mata ƙullin tsumma, ta kwance,
ta ƙirga da ɗan yatsa, leɓenta na motsi,
ɗari da sittin da uku.

Da dare na tuƙa, na malmala, na ajiye a gabanta.
Ta gutsura, ta dangwala, ta yi shiru.
"Gishiri ya yi yawa," in ji ta.
Sannan ta turo akushi da bayan hannu,
ba ta dube ni ba:
"Akwai saura a tukunya?"